Dodon Koɗi Na Ƙasar Jere Da Wutar Daji

Duk wanda ya ratsa gonakin citta da doya na ƙasar Jere da sassafe, bayan ruwan farko na watan Afrilu, zai ga dodon koɗi ya fito yana jan ciki bisa ganyaye. Ba irin ƙaton nan na kurmi ba ne da ake sayarwa a kasuwannin Kudu. Wannan ƙarami ne, bai cika wuce tsawon yatsa ba, koɗinsa siriri mai tsini, da zane ja-ja kamar harshen wuta. Masana suna kiran danginsa Limicolaria, kuma tun cikin 1774 wani masani ɗan ƙasar Danmak, mai suna Müller, ya bayyana ɗaya daga cikinsu a rubuce. Yara dai ba ruwansu da wannan, su koɗin suke nema su yi wasa.

Halittarsa abin mamaki ce. Ƙahoni huɗu gare shi: dogaye biyu da idanu a kan tsininsu, gajeru biyu na shinshina da laluben hanya. Harshensa kamar magagari yake, da dubban ƙananan haƙora, da shi yake kankarar ganye. Kowane ɗaya kuwa namiji ne kuma mace ne. Idan biyu suka sadu, kowannensu yana iya zuwa ya tona ƙasa mai laima ya zuba ƙwai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da ɗan koɗinsu a baya.

To, amma inda maganar take shi ne rani. Jikin dodon koɗi kusan duk ruwa ne, shi ya sa gishiri ke kashe shi nan take, iskar hunturu ma haka za ta yi masa in ta same shi a fili. Saboda haka da ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, sai ya shige ƙarƙashin busassun ganyaye ko cikin ƙasa sama-sama, ya janye jikinsa cikin koɗi, ya toshe bakin da yauƙinsa. Yauƙin nan ya bushe ya zama murfi. Haka zai kwanta wajen wata biyar, ba ci ba sha, numfashi kaɗan-kaɗan, har damina ta tashe shi.

Wannan dabara ta fi ƙarfin fari, amma ba ta fi ƙarfin wuta ba. Daga Jere har Kafanchan, da kaka ta wuce sai a cinna wa daji wuta, wani don farautar gafiya, wani don sabon toho, wani kuwa don ƙyuyar sharar gona kawai. Gafiya tana gudu, tsuntsu yana tashi, mai barci cikin koɗi kuwa nan yake gasuwa. Bayan wuta ta mutu sai a ga fararen koɗi fanko warwatse cikin toka.

Wani manomi zai ce gara haka, tun da yana cin tsiron kayan lambu. Gaskiya ne yana ci, musamman a wurin renon iri, amma maganin wannan tsincewa ce da asuba a zuba wa agwagi da kaji. Yawancin abincinsa ruɓaɓɓen ganye ne, watau yana cikin masu mayar da shara taki. Ganyen da ya kamata a lulluɓe citta da shi, shi ne wutar ke cinyewa tare da mai aikin ruɓar da shi.

Akwai kuma masu ƙinsa don sun ji an ce dodon koɗi ke kawo tsargiya. Wannan na ruwa ne, wanda ke zaune a kududdufai da gefen rafi inda ruwa ke kwanciya. Can ya kamata a hana yara wanka. Na tudu ba ya ɗauke da ita.