Lambun Gida: Ido Yake So, Ba Guba Ba

Tun da tsadar kayan miya ta kai inda ta kai a 2024, shekarar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina suka koma shuka a tsakar gida. A cika buhun siminti da ƙasa, a samo tsohon bokiti ko fasasshen baho, ko a gyara ɗan filin da ke bayan ɗaki, a dasa tumatir da attarugu, a yafa alayyafo da rama, a binne 'ya'yan kuɓewa. Abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya zaga irin waɗannan gidaje a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, zai ga yadda labarin ke juyawa. Ganyen tumatir ya yi ɗigo-ɗigo yana bushewa daga ƙasa, ganyen kuɓewa ya koma kamar rariya, attarugu ya ƙanƙance ya ƙi girma. Daga nan sai a aiki yaro kasuwa ya sayo maganin ƙwari.

Wannan aike shi ne babban kuskuren da ake yi a lambun gida, kuma ya kamata a faɗe shi ba ɓoye-ɓoye.

Kowane maganin feshi na gaskiya yana da kwanakin da kamfani ya rubuta a jikinsa cewa a jira bayan an fesa kafin a ci amfanin. Manomin da ke da eka biyar a Kadawa yana iya fesawa ya jira, domin lokaci guda yake ɗiba. Lambun gida ba haka yake ba. Uwargida za ta tsinki alayyafo da la'asar, kafin magariba yana cikin tukunya. Yaro zai wuce ya ciri tumatir ya goge a riga ya kai baki. Kaji suna tono a gindin shukar, akuya tana miƙa wuya ta saman danga, randar ruwa tana nan taku uku. A irin wannan wuri babu wanda zai iya tsare kwanakin jira, ko da ya san da su.

To, me yaron yake sayowa? Sau da yawa ruwa ne da aka ɗura a kwalbar da babu takarda a jikinta, mai sayarwa ya ce a zuba murfi biyu a bokiti. Wani lokaci ota-piya-piya ne, wanda ake haɗawa don sauro da kyankyaso, kuma galibi sinadarin dichlorvos ne a ciki. Wannan sinadari shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an same shi a jikin wake fiye da ƙimar da aka yarda da ita ninki-ba-ninki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Abin da wasu ƙasashe suka ƙi karɓa a buhun wake, shi ake yayyafa wa ganyen da za a kaɗa miya da shi a daren.

Ko da an ajiye maganar lafiya gefe, feshin yakan zama asarar kuɗi, domin yawancin abin da ke kashe shuka da damina ba ƙwari ba ne. Ɗan tumatirin da gindinsa ya yi baƙi ya loɓa, ba abin da ya cije shi. Ruwa ne ba ya zuwa masa daidai, yau ƙasa ta bushe ƙarau gobe ta jiƙe sharkaf, sai sinadarin kalsiyum ya kasa isa ga ɗan. Maganinsa ban ruwa a kan kari da rufe gindin shuka da ciyawa. Akwai kuma shukar da za a gani kore shar da safe, da rana ta yanƙwane gaba ɗaya alhali ƙasa da danshi. A yanki karanta daga kusa da gindi, a tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa garau, a jira 'yan mintuna. Idan aka ga wani farin zare-zare yana malalowa daga bakin karan, ƙwayar cuta ce ta toshe hanyoyin ruwan shukar, kuma tana zaune ne a cikin ƙasa. Babu feshin da ke warkar da ita. Sai dai a tuge, a fitar da ita daga gida, a daina dasa tumatir a wannan ƙasar har wasu shekaru. Haka attarugu ko tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya-rawaya: cutar ta riga ta shiga jikinsa ta bakin farin ƙuda ko darɓa, barinsa a tsaye kuwa yaɗa ta ne ga maƙwabtansa.

Wanda yake ganin ƙarfin magani yana gama komai, ya tuna da sharon. Wannan ƙaramar tsutsa daga Kudancin Amurka ta fito, ta bayyana a Sifen a 2006, ta ƙetaro arewacin Afirka, har ta iso nan. A 2016 ta yi wa tumatir ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Manoma sun yi feshi har sun gaji. Tsutsar a cikin naman ganye take zama, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, inda yawancin magani ba ya isa, ga shi kuma uwar tana iya yin ƙwai fiye da 200, cikin wata guda 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Da irin wannan saurin haihuwa, waɗanda suka tsira daga feshin yau su ne iyayen na gobe, shi ya sa maganin da ya yi aiki bara yakan zama ruwa bana. Abin da ya gagari mai famfon goyo a fadama, mai shuka goma a buhu yana iya maganinsa da yatsu biyu: duk ganyen da ya ga farin tabo mai haske a jikinsa ya cire, ya ƙona.

Nan ne ribar ƙaramin lambu take. Mai shi yana iya sanin kowace shuka.

Da damina, ruwa ne ke kawo yawancin ciwo. Fumfunar da ke sa ganyen tumatir baƙin tabo mai zobe-zobe tana kwance a ƙasa da tarkacen bara, ɗigon ruwan sama ne ke fantsama ta zuwa ganyen ƙasa, daga nan ta yi ta hawa. Saboda haka a kafa wa tumatir sanda a ɗaure shi kada ya kwanta, a cire ganyen da ke taɓa ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindi don ya tare fantsamar. A ja kunya mai tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba, mai buhu kuma ya huhhuda gindinsa ya ɗora shi a kan duwatsu. Sannan tazara. Haɗama ce ke sa a cusa tumatir huɗu a buhun da biyu ma sun yi masa yawa, ganye ya rufe ganye, iska ba ta ratsawa, raɓar safe ta kai hantsi ba ta bushe ba. A bar aƙalla kamu biyu tsakanin shuka da shuka. In an yi fashin ruwa za a yi ban ruwa, a zuba a gindi da safe, ban da watsawa a kan ganye da yamma.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tumatir da attarugu da tattasai da gauta da yalo da dankalin turawa duk dangi ɗaya ne, cutar ɗaya tana kama sauran. Wanda ya cire tumatir ya maye gurbinsa da attarugu bai canza komai ba. A bi bayansu da masara ko albasa. Idan aka tuge shuka aka ga saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle, wata tsutsa ce da ido ba ya gani, kuma kuɓewa ma ba ta tsira daga gare ta, don haka ƙasar wannan buhun ta gama yi wa kayan miya aiki, a sake sabuwa. Taki ya zama ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Dashen da aka sayo a bakin hanya kuwa a duba shi kafin ya shigo gida, sau da yawa shi ne ke rako baƙin.

Duba ɗin ma yana da yadda ake yinsa. Ƙwari ba sa zama a saman ganye suna jiran a gan su, sai an juya bayansa. Can ne farin ƙuda ke tashi fir in an taɓa, can darɓa ke taruwa tana tsotsa. Ganin tururuwa tana hawa da sauka a jikin shuka alama ce, domin ruwan zaƙin da darɓa ke fitarwa take bi. Kada ƙanƙantar darɓa ta sa a raina ta. Ita ce ta yaɗa cutar da ta cinye gyaɗar Arewa a 1975, annobar da ake lissafawa cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Amma a lambun gida, tana farawa ana iya murje ta da yatsa ko a wanke ta da ruwan sabulu kaɗan. Farin ƙuda yana son launin rawaya, saboda haka murfin jarka rawaya da aka shafa wa mai aka rataye yana kama su da yawa, yana kuma nuna ranar da suka fara yawa. Tsohon gidan sauro da ya gama aikinsa a ɗaki yana rufe wurin reno. Tsutsar masara, wadda aka fara gani a Afirka a nan Najeriya da maƙwabtanta a farkon 2016, tana ɓuya ne a tsakiyar shuka inda sabon ganye ke fitowa, kuma manoma da dama suna barbaɗa mata toka ko yashi a wurin. Mai masara ashirin a bayan gida ba ya ma buƙatar haka, zai iya zaro ta ya jefa wa kaji.

In abin ya wuce yatsa, ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, a kusan kowace ƙofar gida. Asalinta daga Indiya ne, ta zama 'yar gida har an manta baƙuwa ce. 'Ya'yanta sun fi ganyenta ƙarfi. A tsince nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a zubar da duk wanda ya yi fumfuna. A ɓare a daka kamar rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa a ruwa lita goma ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, sama da ƙasan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a maimaita duk mako. Ba ya kayar da ƙwaro nan take, abin da ke sa marasa haƙuri su ce ba ya aiki. Hana shi ci yake yi, ya hana tsutsa rikiɗa ta girma. Wani alherinsa shi ne bai cika taɓa gizo-gizo da zanzaro da sauran masu cin ƙwari ba, waɗanda maganin kasuwa ke sharewa tare da masu laifin, har ɓarnar ta dawo fiye da da.

Za a ce akwai lokacin da sai da maganin bature, kuma gaskiya ne, musamman ga mai noman sayarwa. Ko a gida ma, wanda ya ga dole sai ya saya, to ya je shagon kayan gona, ya ɗauki ganyen da ya kamu ya nuna, ya karɓi kwalba a rufe mai lambar NAFDAC. Akwai zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ja ba shi da wurin zama a gidan da yara ke rarrafe. A karanta kwanakin jira a kiyaye, kuma a bar ganyen miya daga ciki.

Duk wannan ilimi yana nan a cibiyoyin aikin gona na IAR da NAERLS a Samaru, yana nan a tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda, malaman gona na hukumar KNARDA ta Kano da takwarorinsu na sauran jihohi sun san shi. Matsalar ita ce an tsara aikinsu ne don manomi namiji a gona, alhali lambun tsakar gida mata ne ke riƙe da shi, kuma malamin gona namiji ba ya wuce zaure. Gwamnatocin da ke kira kowane gida ya yi lambu, su ƙara da ɗaukar mata malaman gona da za su shiga gida-gida, su kuma sayi minti goma a rediyo kowane mako daga Yuni zuwa Satumba a riƙa bayanin nan da Hausa. Kafin su yi, uwargida ta riƙa juya ganye kowace safiya, kuɗin da za a ba yaro ya kai wa mai kwalba kuma a sayi igiyar ɗaure tumatir da shi.