Kafin ka sauke Fijo 504, yi lissafin sifirin

1/ Samari masu farfaɗo da tsofaffin motoci, ku matso. Yayin sauke mota ƙasa-ƙasa ya iso kan Fijo 504. Ba na ƙin ƙawa, amma duk wanda ya sauke ta ba lissafi, ya kashe abin da ya sa ta yi suna.

2/ Motar nan ta fito a 1968. A 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, a shekarar kuma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka. Sirrinta: taya na da filin hawa da sauka sosai, shi ya sa take shanye gargada.

3/ Ƙarfin sifirin shi ne nauyin da ke matse shi da milimita 1. A ce kilo 300 ne a kansa: mai ƙarfin kilo 2 zai lotsa milimita 150, mai kilo 3 kuwa 100.

4/ In ka rage tsayi da milimita 40, ka cinye 40 daga filin hawan taya. Dole sabon sifirin ya fi na asali tauri. In ba haka ba, kowane rami sai ka ji gau, salansa da ƙasan inji su ji a jikinsu.

5/ Wani zai ce ai yanke shi ma na ƙara tauri. Haka ne, amma kaɗan: cire zagaye 1 cikin 8 masu aiki, ƙarin kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai. Kuma yankakke na iya zamewa daga mazauninsa. Gasa shi da wutar walda ya fi muni, ƙarfen mutuwa yake yi.

6/ Tauri da yawa ma matsala ne. Taya ta dinga tsalle ba ta kama titi, birki ya rage ci. Nan maganar rai ce, ba ta gayu ba.

7/ Shawarata: kar ka wuce milimita 25 zuwa 30. Sayi sifirin da aka ƙera don haka, gaba da baya tare, ka haɗa da shakazoba da ta dace da shi. Sannan a duba alaimen, don tayoyin bayan wasu samfuran salun na karkata ciki in an sauke su.

8/ Na asalin kuma ka adana su. Ranar sayarwa, masu neman 504 ta gaske su za su fara tambaya.