Wasan Labari A Kan Tebur: Wa Ke Riƙe Da Linzami?

A wannan wata zan yi magana a kan wani wasa na Amurkawa mai suna Dungeons & Dragons, wanda 'ya'yanmu ke cin karo da shi a intanet da finafinai, musamman 'ya'yan 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka. Gara uwa ta san abu tun kafin yaro ya shigo mata da shi gida.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR da ke jihar Wiskonsin ya fitar da shi a 1974 cikin ƙananan littattafai uku. Ana zagaye tebur da takarda da fensir, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. Mutum ɗaya kuma shi ne alƙalin wasa, shi ke bayyana duniyar da suke ciki. Zai ce, "Kun iso bakin kogo, ga hanya biyu, me za ku yi?" Su yi shawara su ba da amsa, shi kuma ya faɗi abin da ya biyo baya. Kamar tatsuniya ce, sai dai a nan masu sauraro ne ke zaɓar abin da Gizo zai yi. Labari ɗaya kan ɗauki watanni, ana ci gaba mako-mako daga inda aka tsaya.

Da dokokin wasan suka yi yawa, sai wasu suka koma wa tsohon salo mai sauƙi, suka fitar da littattafai irin su OSRIC a 2006 da Labyrinth Lord a 2007. Abin da ya ja hankalina a wannan salo shi ne aikin alƙali.

Na farko, alƙali taswira yake zanawa, ya zuba mutane da haɗurra da dukiya a cikinta, amma ba ya rubuta ƙarshen labari. Idan 'yan wasa suka bar hanyar da ya shirya, sai ya bi su.

Na biyu, komai da lissafi. A dokokin 1981, sandar wutar da matafiya ke haska kogo da ita awa ɗaya take ci, guzuri kuma yana ƙarewa. Wanda ya shiga ba shiri zai kwana a duhu da yunwa.

Na uku, yawancin makin da jarumi ke samu daga dukiyar da ya fito da ita lafiya ne, ba daga faɗa ba. Don haka sulhu da dabara, har da gudu, sun fi zare takobi riba.

Na huɗu, adalci. Sabon jarumi ba shi da ƙarfi, gaggawa ɗaya tana iya kashe shi. Alƙalin kirki yakan yi gargaɗi tun da wuri, amma ba ya murɗe hukunci don jin tausayi. Ke uwa, ashe ba a nan muke yawan faɗuwa ba? Mu kafa doka da safe, yaro ya yi kuka mu rushe ta da yamma. Yaron da ya ɗanɗani sakamakon zaɓinsa a takarda ya koyi darasi cikin araha.

Sai dai, 'yar'uwa, akwai inda za mu yi hattara. Littattafan wasan cike suke da bokaye masu tsafi da limaman gumaka. Sihiri kuwa yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, aya ta 102 ta Suratul Baƙara ma ta ishe mu gargaɗi. Bai dace yaro ya saba da kiran kansa boka ba, ko da wasa. Sannan ana jefa ƙwayoyi irin na lido, har da mai fuska 20, don yanke hukunci. Hadisi ya inganta a Sahihu Muslim kan hana wasan nardu, malamai da yawa kuma sun shigar da wasannin jefa ƙwaya cikin hanin. Ki tuntuɓi malamin da kika amince da iliminsa kafin ki bari su shigo gidanki.

Abin daɗin shi ne alƙali ke da iko da duniyar. Idan ke ce kika riƙe linzami, kina iya cire tsafi da gumaka, ki sa fatake da jeji da 'yan fashi da kogin da ya kawo. Ƙwayoyin ma ba dole ba ne, tun 1991 aka fitar da wasa irin wannan mai suna Amber wanda ba a jefa komai. Ki saurari dabarar yaro, in ta yi ma'ana ya tsira, in ba ta yi ba ya ɗauki asara. Ki ware awa ɗaya a mako, da an kira salla kuma a naɗe taswira.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon yin adalci a tsakaninsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.