Kaza Ta Kwana Kan Dami: Amsa Ga Masu Yi Wa Darasin Fasaha Dariya



A taron reshe da ya gabata, mu 'yan tsirarun da ke riƙe da darasin fasaha da al'adu a makarantun firamare na yankin Ketare muka miƙe muka roƙi abu guda: a sanya sana'ar gilashi cikin abubuwan da ake nuna wa ɗalibai, a kuma nema wa malamai hanyar koyonta. Ba mu dire magana ba zaure ya ɗauki dariya. Wani yayanmu a aiki, wanda muke ganin girmansa, ya ce: "Haba malamai, ana ta kai, wa yake ta kaya?" Aka tafa, aka wuce batu na gaba. Tunda ba mu samu damar amsawa a can ba, ga amsarmu a nan, cikin ladabi.

Ba baƙi ba ne mu a wannan ƙasa. Mun san ciwon jiran ƙarin girma da aji mai ɗalibai fiye da benci. Muna nan a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mun karɓi 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa da abin da ke jikinsu kawai. Saboda haka ba sai an tuna mana cewa ana ta kai ba. Abin da muke tambaya shi ne: wane ne kan, wane ne kayan? Yaron da ya gama aji shida, gonar mahaifinsa ta gagari shiga, hannunsa bai iya komai ba, shi ne kan da ake magana. In makaranta ba ta ba shi abin riƙewa ba, akwai masu jiransa a ramin haƙar ma'adinai da tasha, akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan muni a cikin daji.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan yadda muka mayar da darasin fasaha. A jadawali shi ne na ƙarshe, lokacin da rana ta take, yunwa ta kama yara. In za a yi shara, lokacinsa ake ɗauka. In malamin lissafi bai gama ba, shi ake ba wa. Ran da aka yi darasin kuwa, ma'anar "fasaha" ake rubutawa a allo, yara su kwafa, su haddace, a ba su maki. Da yawanmu mun fito daga kwalejin ilimi da takardar NCE ba tare da mun taɓa ganin tanderu yana ci ba. Wannan laifi namu ne kafin ya zama na kowa.

To, mene ne gilashin da ake yi wa dariya? Yashi ne, kusan kashi 70 cikin 100, a haɗa shi da gishirin soda, ɗan uwan kanwa, da dutsen farar ƙasa, a dafa a zafin da ya kai wajen digiri 1,500 har ya narke ya yi kauri kamar zuma. Mai busa gilashi yakan tsoma dogon bututun ƙarfe ya ɗebo curi, ya busa yana juyawa, curin ya kumbura ya zama kofi ko kwalba ko gilashin fitila. Daga nan a bar shi ya huce sannu a hankali, domin in ya sha iska farat ɗaya tsagewa yake yi. An gano wannan dabara ta busawa a ƙasar Sham a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne: fasasshiyar kwalba tana narkewa a zafin da bai kai na ɗanyen yashi ba, kuma ana iya sake narkar da ita sau da yawa. Ke nan kwalaben da ke yanke ƙafafun ɗalibanmu a bola da bakin kasuwa kayan aiki ne.

Masu dariya sun ce wannan aikin Turawa ne. Sai mu ce su je Bida ta ƙasar Nufe, su nemi unguwar Masaga. A can akwai zuriyar da ta gaji aikin gilashi kaka da kakanni, waɗanda tarihinsu na baka ya ce daga Masar suka taso. Da zuga-zugi da murhun laka da sandar ƙarfe suke narkar da kwalabe, su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar, su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. Masanin nan S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafin da ya rubuta kan masarautar Nufe a 1942, kuma a Nuwamba 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen fasahar hannu na duniya. A Ile-Ife kuma, masu haƙar kayan tarihi sun tono shaidar cewa ana haɗa gilashi daga kayan gida a wurin da ake kira Igbo Olokun tun tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Gana, mutanen Krobo har yau suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan mazubai na yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya domin ya bar huda in ya ƙone, su gasa da itace. Duwatsun adon da suke fitarwa har Turai da Amurka ake kai su.

Ba ma sai an je nesa ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda mutum zai yi sammako daga nan ya je ya dawo a yini guda, akwai sashe sukutum na koyar da fasahar gilashi. Farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake lodawa a manyan motoci a gaban idonmu, tana cikin abin da masu bincike na wannan jami'a suka daɗe suna aiki da shi, domin da irinta ake yin bulon tanderu da tukunyar da ke jure wutar narkarwa. Masana'antun kwalba na Beta Glass a Agbara da Ughelli suna buƙatar masu wannan ilimi. Kowane ɗakin gwaji na asibiti da makaranta yana amfani da bututu da mazubin gilashi, kuma masu iya busa su da gyara su ba su da yawa. Mu tambayi kanmu: cikin ɗaliban da suka bi ta hannunmu, nawa ne suka taɓa jin cewa akwai irin wannan karatu? Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

An ce akwai haɗari da tsada. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kafa tanderu a aji uku ba. Aikin firamare shi ne buɗe ido. Yaro zai iya murza yumɓu ya yi mazubi, ya tsara launuka, ya ware kwalabe kore daban, ruwan ƙasa daban, ya ji dalilin da ya sa wuta ke mayar da yashi abin da ake gani ta cikinsa. A nan fasaha ta haɗu da kimiyya, ita ce kuma hanyar da ke kaiwa Zariya. Daka kwalba da wuta aikin manya ne, da abin kare ido da hanci. Muna da maƙera masu zuga-zugi, muna da mata masu ginin tukwane da suka san sirrin gashi. Rabin ilimin yana cikin garinmu.

An kuma ce iyaye ba sa son darasin fasaha saboda zanen abu mai rai. Wannan hujja tana tare da mu. Babu surar mutum ko dabba a awarwaro da kofi da fitila. Fitilun gilashi masu ɗauke da ayoyi, waɗanda aka ƙawata masallatan Alƙahira da su a ƙarni na 14, suna cikin abin da duniyar Musulmi ke alfahari da shi har gobe.

Ga abin da muke nema. Na farko, reshe ya yanke shawara cewa ba za a sake mayar da lokacin darasin fasaha na shara ko cikon wani darasi ba. Na biyu, a rubuta wa sashen gilashi na Zariya a nemi su karɓi malamai uku ko huɗu a lokacin dogon hutu, ko su turo mana wanda zai nuna. Na uku, reshe ya kai buƙata ga hukumomin ilimi na ƙaramar hukuma da na jiha, a ɗauki nauyin ziyarar malamai zuwa Masaga, a kuma kafa tanderun gwaji guda ɗaya a wata ƙaramar sakandare da ke wuri mai tsaro. Na huɗu, kowane malamin aji shida ya gaya wa ɗalibansa, maza da mata, cewa wannan karatu yana nan, da darussan da ake buƙata kafin a kai gare shi. Wannan na ƙarshe ko sisi ba ya ci.

Ga yayanmu da ya jefa mana karin magana, muna cewa: Malam, Allah ya ƙara girma, mun ji, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen iccen a hannunmu yake. Za mu sake gabatar da wannan batu a taro mai zuwa, a rubuce, kuma muna roƙon shugaban reshe ya sa a kaɗa ƙuri'a a kansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a cikin abin da muke koyarwa.