Cinikin Biri a Sama: Zaɓen Jagoran Kallon Shafaƙin Ƙuryar Arewa

Akwai wani haske da ke bayyana da dare a samaniyar ƙasashen ƙuryar arewacin duniya, galibi kore, wani lokaci ja, yana kaɗawa kamar labule. Turawa suna kiransa Orora, Larabawan zamani kuwa sun jingina shi ga shafaƙi, watau jan nan da ke saura a yamma bayan faɗuwar rana. Bahaushe bai raɗa masa suna ba, domin ba a ganinsa a ƙasarsa. Mutumin Malisa, a ƙasar Gwandu, ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, amma garinsa yana wajen digiri 12 ne arewa da layin ikwaita, alhali hasken nan ya fi bayyana tsakanin digiri 65 da 70. Saboda haka a nan za a kira shi shafaƙin ƙuryar arewa, kafin masana harshe su samo sunan da ya fi dacewa.

Abin da ya sa zancen ya shafi ɗalibai shi ne, 'ya'yan Kabi da ke karatu ko aiki a Turai suna cin karo da tallan kamfanonin yawon buɗe ido, masu kai mutane Tromso a Norwe, ko Abisko a Suwidin, ko Rovaniemi a Finlan, domin su kalli hasken su ɗauki hotonsa. Tallan ya ƙara samun kasuwa bayan daren 10 ga Mayu, 2024, lokacin da aka ga hasken har a kudancin Amurka da Meksiko. Kuɗin jirgi da masauki da biza da ladan jagora ba ƙananan kuɗi ba ne ga ɗalibin da ke lallaɓa guzuri. Lalle ya kamata ya san abin da yake saye.

Ba hasken yake saye ba, domin ba ya hannun kowa. Rana ce ke feso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya karkatar da su zuwa ƙuryoyinta biyu, su yi karo da iskar oksijin da naitirojin a nisan kilomita 100 ko fiye daga ƙasa, sai haske ya tashi. Ƙarfin wannan feshi yana hawa da sauka cikin zagayen shekara 11, kuma a Oktoban 2024 masana suka ba da sanarwar ya kai ƙoli. Gajimare kuwa yana can ƙasa da hasken ƙwarai, don haka in ya tare, ko da sama tana ci da wuta, mai kallo ba zai ga kome ba. Duk kamfanin da ya yi alkawarin lalle za a gani, cinikin biri a sama yake tallatawa.

A nan ne al'adar fatauci take da abin cewa. A ƙarni na 19, ayarin goro da ke bi ta Jega, maƙwabciyar Gwandu, zuwa Gwanja, yana da madugu, yana kuma da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da zango da mashigin ruwa. Ba a taɓa zaɓen jagaba don ya yi rantsuwar goro zai yi araha ba. Ana zaɓensa don ya san hanya, ya san lokacin da za a sake ta, kuma in akwai haɗari a gaba zai faɗa, ko da ayari ba ya son ji. Wannan shi ne ainihin abin da ɗalibi ke biya a Tromso: sanin inda gajimare zai yaye, da gaskiyar mai sanin.

Saboda haka tambayar farko ita ce, shin jagoran yana tafiya neman sarari, ko kuwa zango ɗaya gare shi? Jagororin kirki na Tromso sukan tuƙa mota sa'o'i su bar bakin teku, wani lokaci har iyakar Finlan, in can ne sama ta washe. Sa'an nan a tambayi yawan ayarin, domin babbar bas ba ta tsayawa ko'ina, kuma mutum ɗaya ba zai iya saita wa taro kyamarorinsu a cikin duhu ba. Abin da ya fi waɗannan duka tona asirin kamfani shi ne amsar da zai bayar in an ce masa: idan ba a gani ba fa? Mai gaskiya zai faɗi ko akwai sake fita wani daren, ko mayar da wani abu daga kuɗin, ko babu kome, kuma zai ba da shawarar a ware dare uku ko huɗu, kada a dogara ga ɗaya. Lokacin kallo daga ƙarshen Satumba ne zuwa ƙarshen Maris. Farin wata yana dusashe haske mai rauni, amma wanda ya tashi inda ake lissafin kwanan wata ba sai kamfani ya koya masa daren da za a yi duhu ba.

Wasu za su ce jagoran ma ɓarnar kuɗi ne, tun da sama ta kowa ce. Akwai ƙamshin gaskiya, domin in hasken ya yi ƙarfi ana ganinsa daga gefen gari. Sai dai wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun Gwandu, bai kamata ya hau titin ƙanƙara da tsakar dare shi kaɗai ba, a ƙasar da sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri.

Saura batun hoto, inda aka fi yaudarar mutane ba tare da an yi musu ƙarya ba. Idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi sosai a cikin duhu, kyamara kuwa ana girke ta a kan ƙafafu uku, a bar idonta a buɗe na daƙiƙoƙi tana tara haske. Abin da ido ya gani kamar hayaƙi mai toka-toka, sai ya fito a hoto kore shar. Jagora nagari yakan faɗi haka tun kafin a tashi. Ibn Fadlan, manzon da ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga a 922, ya ba da labarin jan gajimare mai siffar mayaƙa bisa dawaki, wanda masana da yawa ke ɗauka wannan hasken ne. Ba shi da kyamara, amma ana karanta abin da idonsa ya gani har yau. Ɗalibin zamani kuwa za a tsayar da shi cik, a ce kada ya motsa, a ɗauke shi da sama kore a bayansa. In ya koma Malisa ya nuna hoton a zaure, dattawa za su tambaye shi ko haka ya gan shi da idonsa.