Kyamararmu ta waye, alƙalaminmu yana nan jiya-i-yau

Jama'a, yau zan taɓo inda yake wa 'yan Kannywood ƙaiƙayi, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, kyamara ta canza, sauti ya gyaru, har jirgi marar matuƙi muke tayarwa ya ɗauko mana gadar Ƙofar Nassarawa daga sama. Amma har gobe mafi yawan finafinanmu, rubutun farko da marubuci ya zuba a takarda shi ake kwasa a tafi lokeshin da shi. Babu mai zama ya sake karantawa, balle ya yanke.

Ku kalli shirye-shiryen nan masu dogon zango da ake saki duk mako a YouTube. Baƙo zai yi sallama, a amsa, ina kwana, ya gida, ya yara, a kawo ruwa, ya sha, ya yi hamdala. Minti uku sun tafi ba a ce komai ba. Sannan abin da muka gani da idonmu a fitowar baya, Hajiya za ta zauna ta ba ƙawarta labarinsa, ƙawar kuma ta buga waya ta faɗa wa mijinta. Abu ɗaya sau uku! Wanda ya mutu a zango na farko sai ka ji ana gaishe shi a na uku, don shi kansa marubucin ya manta ya kashe shi. Kuma datar talaka ce ake ƙonawa a wannan shiririta.

A duk inda ake sana'ar fim da gaske, rubutun farko tamkar yadi ne da tela ya shimfiɗa bai sa almakashi ba. Ƙa'idar da aka saba da ita, shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, shi ya sa rubutun fim yakan tsaya tsakanin shafi 90 zuwa 120. Star Wars da ya fito a 1977, sau huɗu George Lucas ya rubuta shi tsakanin 1974 da 1976, har sunan jarumin sai da ya canza daga Starkiller zuwa Skywalker. Indiyawan da muke kwaikwayon rawarsu da waƙarsu kuwa, Salim Khan da Javed Akhtar da suka rubuta Zanjeer a 1973, da Deewaar da Sholay a 1975, sai da suka kai matsayin da ake buga sunansu a fosta kamar jarumai. Mun ɗauko rawar, mun bar musu darajar marubuci.

Gyaran nan fa ba wani tsafi ba ne. Ka ajiye rubutun na mako ɗaya ko biyu, ka dawo ka karanta shi kamar na maƙiyinka. Kowace fitowa ka tambaye ta: me ya canza daga farkonki zuwa ƙarshenki? In babu, cire ta, ko da kuwa a nan ka fi zuba hikima. Ka shiga fitowa bayan an gama gaisuwa, ka fita da zarar an faɗi abin da ya kawo mu. In ƙawaye uku aiki ɗaya suke yi a labarin, mayar da su mutum ɗaya. Abin da fuska za ta nuna, kar baki ya faɗa. Sannan a tara 'yan wasa a zauna a karanta da ƙarfi kafin a kunna kyamara. Duk maganar da ta maƙale a bakin jarumi, ba haka Bahaushe yake faɗinta ba, a sake ta.

Na san abin da furodusoshi za su ce: babu kuɗi, babu lokaci, kasuwar faifai ta mutu, YouTube kuma dogon shiri yake so don a samu wurin cusa talla. Na ji. To amma wanne ya fi tsada, jan biro a kan shafi biyar, ko ɗaukar shafi biyar ɗin da hayar gida da man janareta da abincin ma'aikata da sallamar jarumai? Fitowar da aka yanke a takarda kyauta ce. Wadda edita ya yanke kuwa an riga an biya kuɗinta. Kuma tsawo ba shi ne riba ba, domin mai kallon da ya gaji a minti na bakwai ya wuce, tallar da ka sa a minti na arba'in kai kaɗai za ka gani.

Ni ban ɗora wa marubuta laifin duka ba. Mutumin da aka kira da daddare aka ce gobe da safe ana son kashi uku, aka kuma ba shi abin da bai kai kuɗin kwalliyar jaruma ba, da wane ƙarfin zai sake rubutu? Wani ma a lokeshin ake tsayawa a kansa yana rubutawa a waya, darakta na cewa yi sauri rana za ta faɗi. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Don haka maganata ga masu zuba jari ce. Ku biya marubuci sau biyu, kuɗin rubutu daban, kuɗin gyara daban. Ku samu mutum guda wanda aikinsa kawai ya karanta ya ce nan bai yi ba, kuma in ya faɗa kar a kore shi. Kar a ɗauki kashi na ɗaya sai an san yadda zangon zai ƙare. Hukumar tace finafinai ta Kano tarbiyya take dubawa, ba aikinta ba ne ta hana ku gundurar mutane. Wannan tacewar ku za ku yi wa kanku.

Mu kuma masu kallo, mu daina yabon shiri don kawai jarumin namu ne. Yaranmu da ke kallon fassarar finafinan Indiya da na Turkiyya sun san bambanci, kuma yatsansu na kan waya. In ba a gyara ba, ba za su yi rigima da kowa ba, wucewa kawai za su yi.

Allah Ya sa a ji, a gyara.