Labarin sansanin NFL, ko dai tallar dillalai?



Na san da yawanku za ku ce wai shi wannan yaron me ya haɗa shi da ƙwallon Amurka, alhali duk Agege in ba Arsenal ba to sai Chelsea. To mu 'yan tsiraru ne, amma muna nan, mu ne masu raba dare saboda wasan da ake bugawa lokacin da mutanen kirki ke barci. Kuma yau da 'yan uwana 'yan tsirarun nake, domin abin ya ishe ni.

Duk shekara, ƙarshen watan Yuli, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL kan shiga sansanin atisaye kafin a fara kakar wasa a Satumba. Daga ranar da aka buɗe sansanin shi kenan mun shiga uku. Wai wane ya rage ƙiba, bai taɓa lafiya irin ta bana ba. Wai sabon yaron da aka ɗauko daga jami'a ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya, koci ya riƙe baki. Wai mai jefa ƙwallonmu ya gane sabon tsari. Shekaranjiya wani abokina ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar yana nuna mini irin wannan a waya, har yana rantsuwa bana kofi nasu ne. Haba Malam! Kofi a watan Agusta?

Ni a rumfar goro na tashi, kuma tun ina yaro ban taɓa jin dillali ya ce huhun nan akwai sankara a ciki ba. Kowa nasa ɗan yau ne. To haka labarin sansani yake. Ƙungiya na son sayar da tikiti da riguna, ɗan jarida na son abin rubutawa bayan watanni ba wasa, koci kuwa ba zai fito ya ce jama'a bana ba mu da komai ba. Sannan a atisaye ai 'yan gida ɗaya ne ke karawa. In masu kai hari sun burge, ta ina ka san ba masu tsaron baya ne suka lalace ba?

Mai cewa to ai akwai wasannin share fage, su ne ma'auni, don Allah ya tambayi magoya bayan Detroit Lions. A 2008 sun cinye wasannin share fage huɗu duka, da aka shiga kakar gaske suka buga 16 aka doke su a 16. Cleveland Browns ma sun maimaita wannan abin kunya a 2017, huɗu a share fage, sannan 16 ba nasara ko ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, manyan 'yan wasa ba sa daɗewa a fili a irin waɗannan wasanni, wasu ma ko riga ba sa sawa, koci kuma ba ya fito da dabararsa ta gaske.

Kada a ce na ce sansani ba shi da labari. Yana da shi, amma ba shi muke tattaunawa ba, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Kowace ƙungiya na shiga da mutum 90, kafin a fara gasa dole ta rage su zuwa 53. Ku yi lissafi, mutum 37 sau 32, wato 1,184 ke nan ake sallama a ƙarshen Agusta. Wasu a dawo da su rukunin 'yan atisaye, sauran kuwa kowa ya kama gabansa. Kuma kwantiraginsu ba irin na ƙwallon Turai ba ne, yawancin kuɗin da ke rubuce a takarda ba dole ne a biya ba in an sallame ka. Mu da muka bar gida muka zo Kurmi neman abinci, ai ya kamata a ce mun fi kowa gane halin mutumin da ya yi wata guda yana zufa, rana ɗaya a kira shi ofis a ce ya ajiye kayan aiki.

Akwai wanda ma bai kai ga ofis ɗin ba. Korey Stringer na Minnesota Vikings, ƙato mai nauyin kilo kusan 150, ranar farko ta sansanin 2001 bai iya ƙarasa atisaye ba saboda zafi. Washegari ya dawo ya daure, bayan an tashi ya faɗi. Zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya mutu ranar 1 ga Agusta yana da shekara 27. Sai a 2011, cikin yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa, aka hana yin atisaye mai karo da juna sau biyu a rana. Shekara goma fa!

Shi kuwa wanda zai yi abin mamakin, sau da yawa ba a ma ambatonsa. Kurt Warner, Green Bay Packers sun sallame shi daga sansani a 1994, ya koma jera kaya a kanti a jihar Iowa ana biyansa dala biyar da rabi a awa. A 1999 yana zaune a benci a St. Louis Rams, Trent Green ya ji ciwo a gwiwa a wasan share fage, magoya baya suka ce shi kenan shekara ta mutu. Warner ya shiga, ya zama gwarzon gasar, ya ɗauki Super Bowl a Janairun 2000. Wane dillali ne ya yi tallarsa a watan Yuli?

Saboda haka ni dai in za ku turo mini labarin sansani, ku turo mini wa ya ji ciwo, wa aka sallama, wa ya ƙi zuwa saboda rigimar kuɗi. Bidiyon cafe ƙwallo da gajeren wando ku riƙe abinku. Shi kuma abokina na ƙofar masallaci, na rubuta rantsuwarka a bayan littafin bashi na rumfa, da kwanan wata, za mu buɗe shi a Janairu in Allah ya kai mu.

Wassalam.